Ɗigo Ɗari da Sha Biyu

Ɗigo ɗari da sha biyu a tafin kowace safa.
Na ƙirga. Aikina ke nan a Tiruppur:
inji ya sauko, ya tofa roba, ya ɗaga,
ni kuwa in duba ko wani ɗigo ya yi ƙyuya.
Tun asuba har fitilun titi su kama
ƙafafun mutanen da ban taɓa gani ba
suke wucewa ta hannuna, babu kowa a ciki.

Kakata Girijamma ba ta san safa ba.
Shekara arba'in tana koyar da yoga a Maisur
a kan jan daɓen da ya sha gumi da man kwakwa,
tana ce wa ɗalibai: ku tuɓe, ku tuɓe,
ƙasa ba ta hira da ƙafar da ta yi lulluɓi.
Yatsunta goma saiwar ceɗiya ne.
In ta tsaya da ƙafa ɗaya
kurciya ma sai ta yi sha'awar sauka.

Sai ciwon sukari ya shigo ta ƙasa, irin shigar gara,
ya cinye saƙon da tafi ke aika wa kai.
Ta taka ƙaya ba ta ji ba, jini ne ya ba ta labari.
Wata Talata, damina ta yi tsaka,
feshi ya biyo taga ya kwanta a daɓe,
ta ɗaga ƙafa gaban ɗalibai tara,
santsi ya kwashe ta. Tim.
Ba ƙugun ne ya fi yi mata ciwo ba,
hannuwan nan ne sha takwas da suka rugo ɗaga ta.

Na hau motar dare, muka kwana muna hawan dutse,
da safa a jaka, cikin waɗanda aka yar
don ɗinkin babban yatsa ya karkace.
Kore shar, kamar sabon ganyen ayaba,
kowane yatsa da ɗakinsa.

Ta juya su, ta shinshina, ta ja robar da farce.
"Ƙafar tsaka kika kawo mini?"
Na ce ai tsaka ba ta faɗowa daga rufi.
Ta ce ai tsaka ba ta da ɗalibai.
Ta cusa su ƙarƙashin matashi, ta fuskanci bango.
Kwana uku ba wanda ya tayar da zancen.
Na dafa mata shinkafa da romon tsamiya,
ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye tas.

Ran na huɗu, kafin mai madara ya kaɗa ƙararrawar kekensa,
na ji wata 'yar ƙara daga ɗakin koyarwa,
ɗaf, ɗaf, ɗaf,
kamar ana ɓare lemo a ɓoye.
Na leƙa ta tsagar ƙofa.
Tana tsaye, tafinta ɗaya a bango.
Ta saki bangon.
Ta ɗauko ƙafar hagu kamar mai ɗauko ƙwai,
ta kafa ta a cinya.
Na ƙirga numfashinta yadda nake ƙirga ɗigo:
bakwai, takwas,
a sha ɗaya ta sauke.
Da can takan wuce ɗari tana yi wa wani faɗa.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Na san kina nan.
Har yanzu ba na jin ƙasar.
Amma ita, da alama, tana ji na."
Ta yi shiru. Can kuma:
"Ta daman ta matse mini ƙaramin yatsa.
Ku gyara injinku."

Litinin na koma bakin aiki.
Inji ya sauko, ya tofa, ya ɗaga.
Wajen la'asar wata ta zo da ɗari da sha ɗaya,
giɓin can gefen diddige.
Selvarani da ke kusa da ni ta ce, "Wa zai lura?"
Na zare ta daga layi.